Kawuna Ya Ce Sai Ni Zan Tura Baron da Ake Rufe Idon Duba-gari da Shi

Goggo mai wannan fili, da ku masu karatu, ina da tambaya kafin gaisuwa. Yaushe rabon da ɗayanku ya ɗaga labulen gidan abincin da yake ci kullum ya leƙa ciki? Ba gaban nan da ake goge tebur ana kunna fanka nake nufi ba, can ciki inda tukunya take. Ba ku taɓa ba ko? Kun ga koriyar takarda a jikin ƙofa, hankalinku ya kwanta, kun naɗe hannun riga kun zauna. To a ci lafiya, Allah ya sa a tashi lafiya. Yanzu na gaishe ki, Goggo. Don Allah ki taimake ni da shawara, don kaina ya ɗau zafi, kuma na san halina, in na daɗe a haka zan aikata abin da ba ya gyaruwa.

Ni saurayi ne, shekaruna ashirin da 'yan kai. Makaranta ta tsaya mini a sakandare lokacin da Abbanmu ya rasu, amma karatu bai tsaya ba. Duk abin da aka rubuta in ya faɗo hannuna sai na karanta, har tsohuwar jaridar da aka naɗo mana kifi a ciki. Mahaifiyata, Umma, tana da ɗan gidan abinci a layin masu abinci da ke bayan tashar mota. Gidaje bakwai ne a jere, kowanne da ƙofar gaba a bakin titi da ƙofar baya da ta buɗe cikin lungu ɗaya. Namu ne a tsakiya, tebur biyar. Ni nake cefane, ni nake kai faranti, ni nake rigima da mai kawo gas. Daga tukunyar nan muke ci, daga ita ƙannena mata biyu suke zuwa makaranta. Gidan da ya fi kowanne girma, mai gilashi da talabijin, na kawuna ne, ƙanen Umma uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne shugaban layin.

Ofishin duba-gari kan turo ma'aikaci ya duba kicin-kicin ɗinmu. In ya gama sai ya manna takarda a ƙofa. Koriya an ci, rawaya a gyara za a dawo, ja kuwa kwaɗo ne. Sakamakon kuma da hotunan da ya ɗauka ana ɗora su a shafin ofishin a intanet, duk mai waya zai iya gani. Tsari mai kyau, wallahi, har na so in tafa musu. Sai dai mutanen suna da ladabi. Ba sa son su faɗo wa mutum babu sallama, don haka ana gobe za su zo sai saƙo ya shigo wayar shugaban layi. Kamar ɗan sanda ne ya aika wa ɓarawo cewa gobe da hantsi ina tafe, don Allah a same ka a gida.

A nan ne kayan baƙo suka samo asali. Haka ake kiran su a layinmu. Gidaje shida suka haɗa hannu suka sayi kaya kashi ɗaya, ana ajiye su a sito ɗin Kawu cikin leda kamar kayan gado. Akwai kwandon shara mai murfi wanda ake takawa da ƙafa ya buɗe. Akwai allunan yanka na roba, ja na nama, kore na ganye, shuɗi na kifi. Akwai hulunan raga na rufe gashi, da fararen rigunan girki, da ma'aunin sanyin firij, da bokiti mai famfo na wanke hannu, da kwalbar sabulun ruwa. Sabulun nan, Goggo, tun ranar da aka saye shi yana nan a wuyan kwalba. Wata mai wanke-wanke ta taɓa mantawa ta matsa shi ta wanke hannu da gaske, ranar ta sha faɗa kamar ta fasa tukunya.

Ranar dubawa sai ki zo ki ga aiki da cikawa. Ma'aikacin, wanda muke kira Mai Biro, daga saman layi yake farawa kullum, ba ya tsallake gida, mutum ne mai tsari. Yana fitowa daga gida na farko sai mai gida na biyu ya tare shi a bakin ƙofa da gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin tsohuwa, yaron nan naka ya fara tafiya kuwa, a zauna a sha ruwa mana, wannan rana haka. Shi yana gaba yana amsa lafiya lau, a baya baro na gudu a lungu. A tuɓe hula daga kan wannan da ɗuminta a kifa a kan wancan. A jera alluna, a jefa ma'auni a firij, a girke bokiti. Sai an ƙwanƙwasa murfin tukunya daga ciki sannan gaisuwa ke ƙarewa. Kawu kuwa gwani ne. Ranar da tayar baro ta fita a lungu, sai da ya gaishe da Mai Biro har kakanninsa, ya dawo ya tambayi lafiyar babur ɗinsa.

Kada ki ce sharri nake yi. Ki shiga shafin ofishin ki buɗe hotunan layinmu. Kwandon sharar nan yana da tabon ƙuna a murfi, inda wani ya taɓa ɗora masa tukunya mai zafi. Za ki gan shi a gida na farko, ki gan shi a na biyu, ki gan shi har na ƙarshe, tabo ɗaya, gefe ɗaya. Kwandon shara ya zauna jarrabawa a makaranta shida a yini guda ya cinye duka. Ni da na zauna tawa sau ɗaya ban fita da lissafi ba. In da adalci ai shi ya kamata a ba aikin ofis.

Umma ita kaɗai ta ƙi shiga. Tun farko ta ce wa Kawu ita ba ta aron hula don baƙo, yadda Allah ya gan ta haka duba-gari zai gan ta. Shi kuwa dariya yake yi, yana cewa, “Yaya, ai mun gode, gidanki ne wurin hutun baro.” Don lokacin da Mai Biro yake cikin namu, su suna samun sararin shirya gida na gaba a tsanake.

Kuma wallahi, Goggo, tsabtar matar nan har cuta ce. Gindin tukunyarta za ki iya duba fuskarki a ciki. Ƙasan kicin sau nawa ake wanke shi a yini, bayana ne shaida. Katakon yankanta kullum sai ta kankare shi da wuƙa ta ƙona shi da tafasasshen ruwa ta jingine a rana. In ƙuda ɗaya ya shigo, sai ta bi shi da tsumma kamar ya zagi iyayenta. Da can Mai Biro yakan leƙa ya ga ƙyalli ya ba ta koriya ya wuce. Wannan karon Mai Biro ya zo da sabuwar takarda mai layi-layi, ya tsaya tsakiyar kicin yana karanta mana laifuffukanmu. Katakon yanka ɗaya ne, kuma na itace. Kwandon shara da hannu ake buɗe shi. Babu ma'aunin sanyi. Ɗankwali ta ɗaura, babu hular raga. Ya ƙara da wasu ƙananan abubuwa don takarda ta cika: wai shinkafar da aka dafa tun safe tana zaune a kan tebur a rufe har la'asar ana ɗumamawa, wai ɗanyar kaza tana saman miya a firij, wai kuma Umma da bakinta ta gaya masa in za mu tashi tana kashe wutar shago gaba ɗaya har da firij, don tana tsoron gobara. Abin da take yi tun ina goye, ga ni nan da raina. Ya zaro rawaya ya manna mana, ya ce ƙarshen wata zai dawo, in ba a gyara ba kwaɗo. Ya fita ya shiga gida na gaba, inda kwandon shara mai digiri yake jiransa.

Bari in kai ki kicin ɗin Kawu mai koriyar takarda, don nakan shiga aron tulun gas. Ɓeran gidan ba ya gudu in ya gan ka, tsayawa yake ya ƙare maka kallo, don shi tsohon ma'aikaci ne, kai ne baƙo. Man da ake soya kaza ya yi baƙi kamar an juyo shi daga injin babbar mota. Firizarsa kwana biyu tana aiki kwana ɗaya tana hutu, naman ciki ya narke ya daskare ya sake narkewa, har ya gaji da mutuwa. Banɗakin ma'aikata ƙofarsa na kallon inda ake yanka ganye, kuma famfon wurin ya daina zubar da ruwa tun bara. Amma duba ƙofar gaba: koriya shar, har ya sa an yi mata gilashi.

Tun da aka manna mana takardar nan kasuwa ta juya mana baya. Direbobin da suke cewa girkin Umma kamar na gidansu, yanzu sai su tsaya su karanta, su sosa ƙeya, su zarce. Akwai wani malamin makaranta da ya daɗe yana cin abincin rana a teburinmu na lungu, har cokalinsa muka sani. Yanzu in ya zo daidai ƙofarmu sai waya ta kama shi, ya kara ta a kunne yana ta “eh, eh, ina jin ka” har ya shige gidan Kawu. Wata rana wayar ta yi ƙara tana kan kunnensa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Makon jiya wani bakanike da ke bakin tasha ya kwanta asibiti da amai da gudawa, har aka yi masa ƙarin ruwa. Da la'asar ya ci shinkafa a wurinmu, amma da rana kaza ya ci a gidan Kawu, kowa ya gan shi. Ki faɗa mini, matarsa ƙofar wa ta nufa? Ta wuce gilashi, ta wuce talabijin, ta zo ta tsaya gaban rawayar takarda tana nuna ta da yatsa tana cewa, “Ga shi nan hukuma ma ta faɗa, ƙazamai masu kashe mazan mutane!” Umma tana tsaye da ludayi a hannu. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba tun zaman makokin Abba, ranar ta shiga sito ta rufe ƙofa. Kawu yana bakin shagonsa ya harɗe hannu yana girgiza kai, wai abin bai yi masa daɗi ba.

Washegari Umma ta aika aka kira shi. Ta ce ta sauko, ranar da za a dawo dubawa a aro mata kayan baƙo. Ya ce ai Yaya ko ba ki tambaya ba, jini ya fi ruwa kauri. Amma yana da sharaɗi ɗaya tak. Ya juyo ya dube ni yana murmushi ya ce, “Malam mai karatu ne zai turo baron da hannunsa, daga sitona har ƙofarki.” Ya san abin da yake yi. Ya san na sauko da dokar tsabtar abinci a wayata na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, ya san bakina ba ya rufuwa a layin. In hannuna ya taɓa baron nan, shi ke nan, na zama ɗan gida, in an tona da ni za a tona. Ban san lokacin da na ce masa in yana neman mai tura baro ya sa ɓeran gidansa, ai ya fi ni daɗewa a aikin ba. Umma ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta sauke. Ta ce, “Ƙanena ne. Kuma ƙannenka ba za su ci littafi ba.” Tun ranar magana tsakaninmu ba ta wuce miƙo gishiri, kai wannan tebur na uku.

Ga inda nake, Goggo. A wayata akwai hotunan baro a lungu da kaya a ciki, na ɗauka a zuwan da ya wuce. Akwai na firizar Kawu da ruwan jini kwance a ƙasanta. Yatsa ɗaya zan danna duniya ta gani. In na danna, gidaje shida za su iya shan kwaɗo, da masu girki da masu wanke-wanken da ba su ji ba, ba su gani ba, kuma na raba Umma da ɗan'uwanta har kabari. In na tura baro, shagonmu ya tsira, ni kuma na zama abin da nake zagi, kuma na taya a sa uwata ta yi ƙaryar da ta ƙi yi tsawon rayuwarta. In na ƙi duka biyu na naɗe hannu, Mai Biro ya zo ya rataya kwaɗo, sai mu koma gida mu dafa gaskiya mu ci. Wanne zan ɗauka?

Kafin ki amsa, ina roƙon ki buga wannan yadda na rubuta shi. Kai shugaban ofishin duba-gari, duk inda kake zaune a ƙarƙashin fanka, da kai nake. Wa ya ce a riƙa sanar da masu abinci ana gobe za a zo? Akwai mai buɗe hotunan da kuke ɗorawa ya duba su a ofishinku, ko don ado kuke tara su? Mutum ya kwanta asibiti daga cin abinci a layin da kuka shafe da koriya, wa kuka turo ya tambaya? Ba na son a kira ni gefe a ba ni haƙuri. A wannan shafin na tambaya, a wannan shafin za ka amsa, da sunanka da muƙaminka, kowa ya karanta.

Ɗan mai abinci

AMSA

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Karon farko na yi dariya har na ajiye tabarau, karo na biyu ban yi ba. Ga ta nan na buga yadda ka rubuto, ban taɓa ko wasali ba. Fushinka yana kan hanya. Abin da ake yi a lungun nan yaudara ce, kuma cikin mutane ake wasa da shi. Kada ka tura baron. Kada kuma ka danna yatsan nan yanzu. Akwai hanya ta huɗu da ba ka lissafa ba, kuma a cikin wasiƙarka na tsince ta.

Koma kan abin da ma'aikacin ya rubuta muku, ka raba shi gida biyu. Hula da kwandon shara da launin allo, waɗannan kaya ne, ana sayensu a kasuwa yini ɗaya. Amma ukun nan da ka kira ƙanana, su ne manya, kuma ba za a same su a baron kowa ba. Dafaffiyar shinkafa in ta wuni a rufe da ɗumi-ɗumi, akwai ƙwayar cutar da ke hayayyafa a ciki, ta bar dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ɗanyar kaza a saman miya, ɗigo ɗaya ya isa. Firij da ake kashewa kowane dare akwati ne kawai. Babu ɗayan waɗannan da ido ke gani, shi ya sa mace mai tsabta irin Ummanka za ta yi shekaru tana yi da zuciya ɗaya. Ba ƙazanta ba ce, abu ne da ba a taɓa zaunar da ita an gaya mata ba. Zancen bakanike kuma, ni ban san abincin wa ya kwantar da shi ba, kai ma ba ka sani ba. Yana iya zama kazar Kawu, yana iya zama shinkafar la'asar. Na san wannan zai yi maka ɗaci, amma ka fi ƙarfin a ɓoye maka.

To ga aikin da ke gabanka kafin ƙarshen wata. Shinkafa a daina dafa ta tukunya guda da safe, a raba ta kashi-kashi, in wannan ya kusa ƙarewa a ɗora wani. Da ma kasuwa ta ragu, ba ku da asara. Ɗanyen nama ya koma can ƙasan firij cikin roba mai murfi, dafaffe a sama. Tsoron gobarar Umma kuwa kada ka yi masa dariya, tsoro ne mai dalili. Ka nemo mai gyaran wuta na kirki ya ja wa firij layinsa shi kaɗai da abin da zai katse wuta in an sami matsala, ya nuna mata da idonta, sai ta kashe sauran ta bar shi. Sannan ku sayi allunanku da ma'auninku da kwandonku, ko na mai rahusa ne, in dai naku ne kuma za a yi aiki da su ranar da babu baƙo. Kai da ka karanta doka, tafi ofishin da takardar da aka ba ku, ka tambaya cikin ladabi me ake so a gani a kowane layi, ko ɗankwalin da ya rufe gashi duka ya wadatar, ka roƙi a rubuta maka. Wannan ne wurin da karatunka zai ciyar da ƙannenka.

Sai Umma. Ba ta canza hali ba, ɗana, tsorata ta yi. An ci mutuncinta a bakin ƙofarta a kan abin da ta fi alfahari da shi, ta waiwaya ta ga ƙanenta da mafita a hannu, ɗanta kuma da baƙar magana. Ka fara ba ta haƙuri kan abin da ka gaya wa kawunka a gabanta. Maganar ɓera ta yi daɗin ji, amma ƙanenta ka yaɓa wa, ita ce ta ji zafin. Kada ka je mata da waya kana karanto doka. Ka je mata da alluna a hannu da mai gyaran wuta a bayanka, ka ce Umma ki ba ni dama mu ci jarrabawar nan da kayanmu. Matar da ta ƙi aron hula shekara da shekaru ba za ta ƙi wannan ba in ta ga akwai inda za ta taka.

Kawunka kuma ka same shi shi kaɗai, ko tare da wani babba da shi da Umma suke jin nauyinsa. Ka gaishe shi yadda ya kamata. Ka gaya masa ba za ka tura baro ba, kuma ba ka da niyyar tozarta shi a duniya. Amma ka faɗa masa a fili cewa firizar nan da famfon banɗakin nan da man nan sai an gyara su, don mutane ke ci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a kuma rufe shi da riga a ce ya warke. In ya gyara, ka yi zumunci kuma ka yi taimako. In ya yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙorafi ofishin a rubuce, da sunanka, a kan waɗannan abubuwa da ka gani da idonka, kuma ka sanar da shi da Umma kafin ka kai. Wannan ya bambanta da watsa hotuna. Hoto in ya fita ba ya tambayar wa ya yi laifi, mai wanke-wanke zai fara ci kafin mai gida, kuma ba zai cire rawayar da ke ƙofarku ba. Shiru har abada kuwa ban ba ka wannan shawarar ba, ba kuma zan ba ka ba.

Ka je ka duba bakaniken nan. Ba don ka amsa laifi ba, ba kuma don ka ɗora wa wani ba. Maƙwabcin sana'a ne ya kwanta. Matarsa tsoro ne ya yi magana da bakinta, irin wanda ya sa Umma ta aika a kira Kawu.

Ba zan yi maka alkawarin koriya ba. Kana iya yin duk wannan a sake samun abin da za a rubuta. In haka ta faru, kuna da takardar da ofishin ya ba ka da gyaran da kowa zai iya gani, kuna da bakin neman a sake dubawa, kuma za ka nemi hakan kanka a ɗage. Wanda ya ci da kayan aro ba shi da wannan bakin, kuma duk zuwan duba-gari sai ya koma ya durƙusa wa mai kayan.

Tambayoyinka ga shugaban ofishin tambayoyi ne na gaskiya, ni ma ina son jin amsarsu. Na aika musu da wasiƙar ba tare da abin da zai nuna layinku ba, kuma shafin nan a buɗe yake gare su duk ranar da suka shirya. Kai dai kada ka zauna jiran su, ƙarshen wata ba ya jira. Gobe da safe ka riga Umma zuwa shago, ka kwashe firij ɗin nan ka sake jera shi, in ta iso ka gaishe ta ka ba ta haƙuri kafin ka ce komai.

Allah ya huci zuciyarka, ya ba bakaniken lafiya, ya rufa wa mahaifiyarka asiri da guminta. Ka gaishe mini da ita.

Goggo